Yadda Ake Sayen Tsohon Injin Kafinta A Tayar Da Shi A Gida

Tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, wasu daga cikin birnin Katsina, wasu daga Daura da Mashi. Mutum ya ga tsohon injin katako ɗan Ingila jibge a bayan wani shago, tsatsa ta rufe shi, an ce na sayarwa ne. Ya saya ko ya wuce? In kuma ya saya, ta ina zai fara har ya ga yana yanka katako a gidansa? Ga yadda ake bi, daki-daki. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, gangar ƙarfen kake saye. Boris da bel da makunni, har moton da ke juya shi, duk ana sake su a kasuwa. Tebur da ya tsage ko shimfiɗarsa ta lalace kuwa, babu shagon da za ka je ka sayo wani.

1. Fara da wutar gidanka, kafin ka taka kasuwa

Yawancin injinan da suka ƙare ana shanya kaya a kansu a tsakar gida, a wannan mataki masu su suka yi tuntuɓe. Wutar da KEDCO ke ba gidaje mai layi ɗaya ce, bolt 230. Manyan tsofaffin injina kuwa don masana'antu aka ƙera su, wuta mai layi uku suke ci, bolt 400 zuwa 415. In ka kawo irin wannan gida babu shiri, ko motsi ba zai yi ba.

Hanyoyin fita huɗu ne. Ta farko, ka nemi a ja maka layi uku, in wayoyi huɗu ne a turken unguwarku. Matsalarta, layi ɗaya na iya ɗaukewa ya bar biyu, kuma moto mai layi uku da aka bari yana aiki a kan biyu ƙonewa yake yi. Ta biyu, ka cire moton ka sa mai layi ɗaya. Wannan na yiwuwa har zuwa ƙarfin doki uku, sama da haka wayar gida ba ta so. Ta uku, ka sayi na'urar VFD, wadda ke karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Ita na fi so ga mai aiki a gida, domin tana tayar da moto a hankali, ba ya fizgar wuta. Amma waɗanda aka fi samu iyakarsu kilowat 2.2, wato kamar doki uku, kuma bolt 230 suke fitarwa, saboda haka sai moton da aka rubuta wa 220/380 ko 240/415 a farantinsa. Ta huɗu ita ce janareta mai layi uku.

Kan janareta, kada ka yi lissafi da abin da moto ke ci yana tafiya. A lokacin tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wannan. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar firij da fanka zai yi tari ya mutu da zarar ka danna makunnin moto mai doki uku.

Gargaɗi: ari mita wurin mai gyaran wuta ka auna wutar gidanka da yamma, lokacin da kowa ya kunna kayansa. In tana sauka ƙasa da bolt 200, kada ka tayar da moto a kanta. Raunin wuta ya fi ɗaukewarta ƙona moto.

2. Zaɓi inji ɗaya, ka san dalilinsa

Mai sha'awar tsofaffin injina ba ya ƙoshi, na sani. Amma na farko ya zama wanda zai yi maka aiki. In ƙofofi da kabad da benci kake yi, injin zarton faifai mai tebur na ƙarfe, inci 10 ko 12, shi ne kan gaba. Bayansa injin filen, wanda ke feƙe fuskar katako ta yi sumul, mai haɗe da na daidaita kauri. In kuwa wurinka ƙarami ne kuma akwai yara a gida, fara da zarton ɗamara, wanda bakinsa ke zagaye ƙafafu biyu. Ƙararsa kaɗan ce, wutarsa kaɗan ce, kuma ba ya wurgo wa mai yanka katako. Injin juya itace, wanda ake fitar da ƙafafun gado da kujera a kansa, shi ne ya fi sauƙin tayarwa domin kayan cikinsa ba yawa.

Wanda zan ce ka bari sai hannunka ya faɗa shi ne injin fitar da ado a gefen katako. Tsofaffinsa, musamman masu wuƙaƙen da noti kaɗai ke riƙe su, sun yi suna wajen cin yatsu.

Sunayen da za ka riƙa gani a jikin ƙarfe: Wadkin na garin Leicester, kamfanin da aka kafa a 1897, da Wadkin Bursgreen, da Robinson na Rochdale, da Sagar da Dominion na Halifax, da Startrite. Duk 'yan Ingila ne. Daga Italiya akwai SCM. Waɗannan duk wutarsu irin tamu ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. 'Yan Amurka irin su Delta da Powermatic injina ne masu kyau, amma motonsu na bugu 60 ne. Wanda aka rubuta wa juyi 1725 a minti, a wutarmu wajen 1440 zai yi, kuma da yawansu bolt 110 ne. Ka sa kuɗin sabon moto a lissafi tun farko.

3. Inda ake samu

Fara da 'yan katakon garinku. Ka zauna da tsofaffin kafintoci ka faɗa musu abin da kake nema, su suka san shagon da aka rufe da wanda mai shi ya tsufa ya daina. Sannan 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe a kilo. Ka bar musu lambarka, ka ce in irin wannan ya shigo kada su fasa sai ka gani, domin guduma ce ke jiran sa. In za ka fita waje, akwai Kofar Ruwa da 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da Panteka a Kaduna. Tsofaffin masana'antun Bompai da Sharada ma sukan fitar da kaya lokaci zuwa lokaci, amma sai da dillali.

Gargaɗi biyu a nan. In inji ya fito daga makarantar koyon sana'a ko wata ma'aikatar gwamnati, sai da takardar gwanjo. Babu takarda, babu ciniki, komai araharsa. In kuma na mamaci ne, ka tabbata an raba gado ko magada duk sun yarda. Ɗa ɗaya ya sayar maka, bayan ka kashe kuɗin gyara 'yan uwansa su zo da magana, wannan ba sabon abu ba ne.

4. Duba inji: nan ne za ka daɗe

Ka tafi da rana, ba da magariba ba. Abin da za ka riƙe: tocila, tsumma, kwalbar kananzir, alli, dogon ƙarfe miƙaƙƙe da ka amince da miƙewarsa, sukwaya, ƙaramar guduma, da farar takarda. In da hali ka tafi da mai rewaya, wato mai sake naɗa wayar cikin moto.

Ka fara da gaisuwa, kada ka nufi injin kai tsaye. Bayan kun gaisa sai ka tambaya: "Baba, me ya sa aka ajiye shi?" Amsar da za ka fi ji ita ce, "Wallahi yaro, lafiyarsa lau, wuta ce kawai ta gagare mu." Sau da yawa gaskiya ne. Duk da haka ka ce, "To Baba, a yi mini izini in leƙa ƙarƙashinsa." Dattijon da ya yi aiki da inji shekara da shekaru yakan ji daɗin ganin mai saye ya durƙusa yana dubawa, har ya fara faɗa maka abin da ba ka tambaya ba.

Tsagewa za ka fara nema. Waɗannan injina na ƙarfen zubi ne, ƙarfen da ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Ka haska ƙarƙashin tebur, kusa da ramukan noti, da maƙalar da ke ɗaga zarto ko karkata shi, da wuyan zarton ɗamara. Inda ka yi shakka, goge wurin, shafa kananzir, bar shi ya jiƙa, ka share shi tas, sannan ka goga alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana maka siririn layi a kan farin allin. Ka kuma ƙwanƙwasa da guduma a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙi, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Ka lura da wurin da aka yi sabon fenti shi kaɗai, ko aka shafe da baƙin mai, sau da yawa walda ce a ƙarƙashi.

Sai shimfiɗar tebur. Kankare tsatsar wani layi, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfenka a tsaye da gefensa, ka haska ta baya. Yi haka a tsawo, a faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa. Inda haske ya ɓullo, gwada tura takarda. Takarda ɗaya kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A teburin zarto, ramin takarda biyu ko uku ba zai hana ka aiki ba. A teburin filen kuwa matsala ce, musamman kusa da bakin wuƙa, inda shekaru na gogar katako mai yashi ke cinye ƙarfe. Irin katakonmu da ke kwana a ƙasa cikin rairayi yana yin wannan ɓarna sosai.

Sai shaf, sandar da zarto ko wuƙaƙe ke juyawa a kanta. Cire bel, juya da hannu. In ka ji gurgur ko tsakuwa-tsakuwa, boris ne, wannan ƙaramin abu ne. Girgiza shi sama da ƙasa. Sannan ka kafa tsinin fensir kusa da shi ka juya, ka ga ko yana taɓawa yana saki. Shaf da ya lanƙwashe sai an kai wa masu injin feƙe ƙarfe su yi sabo, ka rage wannan daga farashi.

Juya kowane hannu da kowace ƙafar saiti. Wanda ya ƙi motsi saboda tsatsa zai saki daga baya. Wanda ke juyawa fayau babu abin da ke motsi, haƙoran giya sun karye, kuma giyar injin da aka daina ƙerawa sai an yi maka ita da hannu.

Daga nan ƙirga abin da ya ɓace. Shingen da katako ke bi shi ne ya fi ɓacewa, kuma shi ya fi wuyar samu. Ka tambaya, sau da yawa yana ƙarƙashin wani benci a shagon. Haka wuƙar bayan zarto, wato siririn ƙarfen da ke tsaye a bayan faifai, da murfin kariya, da sifanonin injin na asali.

Gargaɗi mai nauyi: in injin filen ne, buɗe ka ga gungumen da ke riƙe wuƙaƙe. In zagayayye ne, madalla. In mai kusurwa huɗu ne, kada ka yi aiki da shi. Gibin da ke tsakaninsa da tebur yana jan hannu gaba ɗaya, shi ya sa aka hana amfani da shi a Turai tun da daɗewa. Ko dai ka sa a yi maka zagayayye, ko ka bar injin.

A ƙarshe ɗauki hoton farantin suna da na moto. Lambar da ke jiki ita za ta kai ka ga littafin injin, domin littattafan Wadkin da Startrite da Delta da yawa suna nan a intanet kyauta.

5. Ciniki da lissafi

Ba zan rubuta farashi ba, domin kuɗin ƙarfe na yau ba na gobe ba ne. Ga dai yadda za ka auna. Tambayi 'yan gwangwan nawa suke sayen kilon ƙarfen zubi a makon nan, ka ninka da nauyin injin. Wannan shi ne ƙasan farashi, mai shi ba zai sayar ƙasa da haka ba. Saman farashi kuma shi ne kuɗin sabon injin China mai irin wannan aiki. Injin da ba ka ga yana juyawa ba ya kamata ya fi kusa da na ƙasa.

Rubuta sauran kuɗaɗen kafin ka ce "na saya": la'adar dillali, masu ɗauka, mota, boris, bel, makunni, waya, rewaya ko VFD, sabon zarto, wasa wuƙaƙe, siminti. A nawa ganin, in ba ka da rabin kuɗin sayen a ajiye don waɗannan, ka dakata. Kada ka ba da kafin alƙalami ka tafi ka bar ƙananan kayan. Shinge da sifanoni da murfi ka sa su a buhu ka tafi da su ranar. A rubuta takardar ciniki da lambar injin a ciki, shaidu biyu su sa hannu.

6. Ɗauko shi gida

Auna ƙofar zaure da lungunku tukuna. A cikin birni, lungu da yawa a-kori-kura ba ta shiga, kuma akwai zauren da sai an cire tebur kafin inji ya wuce.

Cire duk abin da ke ciruwa: moto, shinge, fikafikan tebur. A ƙasa, bututun ƙarfe uku ko huɗu da ƙarfen banƙara sun fi majiya ƙarfi goma. Ana ɗaga gefe ɗaya, a tura bututu, a gangara a hankali, wanda ya fito ta baya a mai da shi gaba. A mota, a ɗaure shi ta gindi da ta sama, a sa tsofaffin tayoyi a gefe.

Gargaɗi: kada kowa ya ɗaga injin filen ta teburansa, ko zarto ta sandar shinge. Masu dako nan hannunsu ke fara zuwa domin nan ne ke da daɗin kamu, kuma nan ne ke karyewa. Ka tsaya a kansu. Zarton ɗamara nauyinsa a sama yake, a kwantar da shi ta bayansa. In inji ya fara faɗuwa, kowa ya kauce, kada wanda ya tare.

7. Kwancewa da fitar da tsatsa

Ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, ka zuba notin kowane sashe a gwangwaninsa da rubutu. Musamman siraran ƙarafan da za ka tarar an cusa ƙarƙashin tebur ko maƙala, saiti ne, kowanne ya koma inda ya fito.

Tsofaffin injinan Ingila notinsu na ma'aunin Whitworth ne, ba na milimita ba. Sifanar kasuwa za ta yi kamar ta zauna, sai ta zame ta cinye kan notin. Nemi tsofaffin sifanoni masu rubutun W ko BSW wurin masu gyaran tsofaffin Land Rover da injin niƙa na Lister, ko ka yi amfani da sifana mai saiti mai kyau. Kada ka jefar da noti ko ɗaya, kuma kada ka tilasta na milimita a raminsa, za ka kashe zaren. Notin da ke riƙe zarto a injina da yawa zarensa na hagu ne, duba kafin ka sa ƙarfi.

Notin da ya ƙi, jiƙa shi da kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara. In ya ƙi, ɗan zafi kaɗan. Guduma a kan ƙarfen zubi ita ce hanya mafi sauri ta mai da inji kilo.

Tebur kuwa, fara kankare tsatsar da reza ko faffaɗan kurfi a kwance, a bushe. Za ka yi mamakin yadda take tashi. Sannan zuba kananzir, naɗe samfefa mai laushi a jikin guntun katako mai shimfiɗa, ka goga ko'ina daidai. Baƙaƙen tabo da ƙananan ramuka su zauna, ba sa hana aiki.

Gargaɗi: kada ka sa garanda a tebur. Zai yi ƙyalli, amma shimfiɗar da ka biya kuɗi dominta ta tafi. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, irin gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010. Kada ka goge shi a bushe a tsakar gida inda yara ke wasa. In bai ɓare ba, wanke shi ka bar shi. Ni ma na fi son inji da tsohon fentinsa.

In ka tarar da ƙaramar tsaga a wurin da ba ya ɗaukar nauyi, mai walda na iya kama ta, amma wanda ya san ƙarfen zubi: a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa wurin, a yi da sandar nikel, a binne cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Waldar ƙofa da taga a nan sabuwar tsaga take haifarwa.

8. Boris da bel

Tunda ka riga ka kwance, sake boris duka. Lambar na jikinsa, ka tafi da tsohon kasuwa. Da yawa irin na yau ne kamar 6203 da 6205, wasu kuma na inci ne, sai an nema a Kano. Jabun boris ya cika kasuwa, kuma shaf ɗin filen na juyi dubu huɗu zuwa biyar a minti, saboda haka nan ba wurin neman araha ba ne. Zaɓi mai murfin roba ta gefe biyu saboda ƙurar hunturu. Wajen sawa, ƙarfi ya bi ta zoben da ke shiga, da guntun bututu daidai girmansa. In buɗaɗɗe ne, giris kashi ɗaya cikin uku ya isa, cika shi dam zafi yake kawowa.

In ka buɗe ka ga babu ƙwallaye, shaf na kwance cikin farin ƙarfe mai laushi da kofin mai a sama, injin ya tsufa sosai. Yana aiki lafiya muddin ana ɗiga masa mai kullum kafin a tayar.

Bel in biyu ne ko uku, a sake su tare, iri ɗaya. Fuli biyu, wato ƙafafun da bel ke zagayewa, su daidaita, ka gwada da miƙaƙƙen ƙarfe.

9. Moto da makunni

Kai moton wurin mai rewaya ya auna shi kafin ya ga wuta. Ya buɗe akwatin waya: in kan waya shida ne, ana iya sake haɗinsa ya dace da VFD. In uku ne kawai, kamar yadda tsofaffin 'yan Ingila masu bolt 415 suke, sai ƙwararre ya tono mahaɗar cikin kwayil, ko a sake moto. Duk tsohuwar waya mai rigar zare ko robar da ke marmashewa, a cire. A kafa ƙarfen atin a ƙasa a haɗa gangar injin da shi. A ƙasarmu mai yashi da bushewa, a kafa shi da zurfi a inda ke samun danshi.

In za ka sake moto, juyinsa ya zama ɗaya da na tsohon. Akwai mai kusan 1440, akwai mai kusan 2850. Ka sa na biyun a gurbin na farko, zarto zai yi ninkin gudun da aka ƙera shi a kai.

Makunni shi ne abin da ba na sassautawa a kansa. Dole ya zama mai maganaɗisu, mai kore da ja, wanda ke sakin kansa in wuta ta ɗauke. Ka yi tunanin yadda muke: kana yanka, an ɗauke wuta, ka sa hannu kana zaro katako daga bakin zarto, sai aka dawo da ita. Makunnin bango zai tayar da injin nan take. Mai maganaɗisu ba zai tashi ba sai ka danna. A sa jan maɓallin inda gwiwarka za ta kai. In VFD ce, a saita ta kada ta tashi da kanta, kada kuma a sa wani makunni tsakaninta da moto. Ka yi mata akwati mai iska, ƙurar katako na kashe ta.

Gwajin farko a yi shi babu zarto babu wuƙa. In moto mai layi uku ya juya baya, a musanya waya biyu cikin ukun.

10. Girkawa da saiti

Daɓen siminti mai kauri, a shimfiɗe. Ka bar fili gaba da baya daidai tsawon katakon da ka fi yanka, ko ka saita injin ya fuskanci ƙofa. Ɗakin ya zama mai kulle, makunnin babban layi ma da kwaɗo, mabuɗi a aljihunka. Ka yi magana da maƙwabta tun kafin ƙarar filen ta yi musu sallama, ka kuma bar lokutan salla da na hutun rana.

A zarton faifai: faifai ya yi daidai da dogon ramin da ke bin tsawon tebur a gefensa, ka auna daga haƙori ɗaya a gaba, ka juyo shi baya ka sake aunawa. Shinge ya bi wannan layi, kada bayansa ya matso wajen zarto. Wuƙar baya ta tsaya a layin faifai, tazararta da haƙora kada ta wuce milimita 8. In ta ɓace, a yanka maka wata daga farantin ƙarfe, kaurinta ya fi jikin faifai kaɗan amma bai kai faɗin yankan haƙora ba. Ita ke hana katako matse zarto ya dawo maka a ciki. Duba ramin faifai ma: na zamani yawanci milimita 30 ne, tsofaffin shaf kuwa akwai inci ɗaya, akwai inci ɗaya da kwata, akwai biyar bisa takwas. In ramin faifai ya fi shaf faɗi, ana cike gibi da zobe na ƙarfe daidai wa daida. Faifan da ke rawa a kan shaf kada a kunna shi.

A filen: wuƙaƙe su fito daidai da teburin baya, duk tsayi ɗaya, fitowarsu daga gungume kamar milimita ɗaya. Ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe, ka sake bi.

A zarton ɗamara: robar da ke kan ƙafafun in ta tsattsage a sake ta, in ba haka ba bakin zai riƙa zamewa.

11. Yankan farko da kulawa

Cire babbar riga. Hannun kaftani a naɗe, carbi da agogo a aljihu, babu safar hannu. Sa tabarau da takunkumi, ƙurar loko da maɗaci na shaƙe ƙirji. Yi sandar turi biyu masu tsawon santimita 45 tun kafin ka kunna.

Kunna shi babu katako na ɗan lokaci, ka saurara, ka kashe ka taɓa gidan boris. Ɗumi ba komai, zafin da hannu ba ya jurewa alamar an matse ko an karkace. Fara da katako mai laushi busasshe, irin su obece ko malaina. Kirya da marke su jira sai ka san halin injin. Tsaya a gefen layin zarto, ba a bayansa ba. Guntun da bai kai ƙafa ɗaya ba kada ya hau filen. Tsohon katakon rufi ko na ƙofa, bi shi da maganaɗisu ka nemo ƙusa, ka kuma share yashinsa da burushi.

Tebur ba a shafa masa baƙin mai, yana ɓata katako ya hana fenti kamawa. Narka kakin zuma da ɗan kananzir, ka shafa, ya sha iska, ka goge. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: giris a kan zaren saiti na haɗuwa da ita ya zama abin da ke cin ƙarfe, don haka a wanke zaren a shafa kaki maimakonsa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙara kakin duk mako biyu, ka rufe injin da tsohon zane ko bargo, ba leda ba, domin leda na tara gumi a ƙarƙashinta. Ko ba ka da aiki, tayar da moton sau ɗaya a mako ya ɗumama ya kori danshi, ka kuma leƙa cikinsa kafin ka kunna, domin zanzaro na son gina ɗakinsa a ramukan iska, ɓera kuma na son waya.